Makullin Motar Mai Ƙwai

A unguwar da ke bayan tashar manyan motoci, mutane da yawa ba sa duba agogo da safe. Idan suka ji wata tsohuwar motar dizal tana gurnani a tsaye, ba ta tafi ba kuma ba ta mutu ba, sun san Mai Ƙwai ne yake ɗumama injinsa, lokacin tashin yara ya yi. Bai taɓa tayar da mota ya ja ta nan take ba. Sai ya zagaya ta, ya taɓa kowace taya da ƙafa, ya zaro sandar awon baƙin mai ya goge ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Sannan ya zauna ya saurara, kamar mai jiran babba ya gama magana.

Mutum ne ɗan siriri mai ƙaramar murya. Da keke ya fara tun yana saurayi, yana ɗauko kiret ɗin ƙwai daga gidajen kaji na bayan gari, yana kai wa masu shaguna da gidan burodi. Keken ne ya koya masa abin da ya riƙe har tsufa: nisa ba ya fasa ƙwai, rami da birki su ne ke fasa shi. Daga baya ya yi wa wani gidan kaji tuƙi shekaru masu yawa, har ya sayi tasa motar, doguwa, fara, mai faɗin baya. Ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako, ya ɗora soso a kai.

Direbobin hanya Hawainiya suke ce masa. Idan suka zo wuce shi sai su leƙo ta taga.

"Baba Hawainiya, yau za ka iso ko sai gobe?"

"Ku je," yakan ce. "Zan same ku wurin mai faci."

Sau da yawa kuwa a can yake samunsu.

Akwai abu ɗaya a motar nan da kowa ya sani. A gaban direba, ƙarƙashin gilashi, ya manna wani ɗan faranti na kofin shayi. Kowace safiya sai ya ɗauki ƙwai guda ya ajiye a ciki. Idan ƙwan ya mirgina, to direba ya yi kuskure, kuma abin da na gaba ya ji, na baya sun ji ninkinsa. Da yamma sai ya ɗauko ƙwan ya miƙa wa matarsa. Ita kuwa takan juya shi a hannu ta ce, "Wannan ƙwan ya fi ni ganin gari."

'Ya'yansa maza duk sun kama wasu sana'o'i. Ba wanda ya ga abin sha'awa a motar da keke ke iya wucewa a hawan tudu. Auta ce kaɗai, 'yarsa ta ƙarshe, take zama kusa da shi idan ya buɗe bonet. Bai taɓa cewa zai koya mata ba. Magana kawai yake yi da kansa, ita kuma tana ji. Da ta girma ya ba ta sitiyari a wani fili, ya sa ƙwai a faranti, ya naɗe hannu. Ta fasa na farko, ta fasa na biyu. Tsumma kawai ya miƙa mata.

Ta yi aure a layin da ke bayan nasu, ta haifi 'ya'ya biyu. A wannan tsakanin ne yanar ido ta fara rufe wa uban gani. Wata safiya bai ga tudun rage gudu ba. Ƙwan ya yi tsalle daga farantin ya fashe a gwiwarsa. Ya tsaya gefen hanya ya dubi wandonsa. Ya ƙarasa rabon ranar a hankali fiye da kullum, ya dawo gida, ya aika a kira Auta. Ba wanda ya ce masa ya daina. Shi ya miƙa makullin da hannunsa.

Da farko yakan zauna a gefenta. Daga baya ya ce zaman yana sa masa ciwon baya, ya bar ta ita kaɗai. Masu shaguna suka saba da ita. Mai gidan burodi ma ya ce ta fi uban, don ita tana gaisawa da baki, shi kuwa da kai yake gaisuwa.

Sai ranar nan da aka kwana ana ruwa. Tana dawowa daga gidan kaji da mota cike, a wata kwana, wata babbar mota ta fito ta cinye mata hanya. Ta kauce gefe. Gefen ya jiƙe ya yi taushi, ya zame da ita. Motar ta gangara, gabanta ya daki bakin kwalbati, ta kwanta a kan ɓarinta. Waɗanda suka gani sun ce ruwan kwatar ya koma rawaya har can ƙasa.

Auta ta fita da rauni a goshi da targaɗe a hannu. Aka ɗinke goshin, aka sallame ta a ranar. Ciwon jiki ya warke da wuri. Amma ta daina bin ƙofar da ake ajiye motar. Idan ta zo gaishe da iyayenta, ta ƙofar baya take shigowa, ta zauna wurin uwar tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai. Sau ɗaya ta yi maganar, shi ma ba da uban ba. Ta bango ya ji.

"Mama, shekara da shekaru yana riƙe da ita ko ƙwarzane babu. Ni na kashe masa ita. Ko keke ba zan ƙara hawa ba."

Mai Ƙwai yana zaune a tabarmarsa, bai motsa ba. Ya san idan ya shiga ya ce ba laifinta ba ne, za ta ce to, Baba, ta ci gaba da tsince shinkafa. Kowa ya riga ya faɗa mata haka. Maganar da kowa ya faɗa ba ta da nauyi.

Kafin a ga yadda za a yi, wani mai a-kori-kura ya karɓi rabon ƙwan na ɗan lokaci. Masu shaguna suka fara ƙorafin fasassu. Mai gidan burodi ya aiko da gaisuwa mai ɗauke da tambaya: yaushe? Mai Ƙwai ya san mutane suna da haƙuri, amma ba sa toya haƙuri su sayar. Idan Auta ba ta koma bakin sitiyari ba, hanyar da ya share tun daga kan keke ciyawa za ta rufe ta. Abin da ya fi wannan damunsa shi ne yadda take sunkuyar da kai.

Ya ɗauki sandarsa ya nufi garejin abokinsa, tsohon bakaniken da kowa ke kira Likita. Can aka kai motar. A bakin garejin ya yi karo da mai janwen da ya jawo ta, wani ƙato mai babbar murya, yana shan shayi a kan benci.

"Baba, kai ne mai farar motar nan? Allah ya tsare gaba. Amma gaskiya 'yarka tana da taurin kai."

"Haka aka ce."

"Mun taru mun tayar da motar a kan tayoyinta. Ni da kaina na duba, tayoyi lafiya. Na ce Hajiya, kawo makulli mu ji ko tana da rai, in ta tashi sai in raka ki a hankali, ba sai na ɗaure ta ba. Kowa ya ce a gwada. Jini yana zuba a fuskarta fa, Baba! Ta zare makullin ta jefa a jaka, ta rungume jakar. Ta sa wani ya ɓalle bonet, ta cire kan batir da hannu ɗaya. Na ce yau na ga ikon Allah. Mota dai ba mutum ba ce da za a ce a bari ta huta."

Mai Ƙwai ya matso kusa da bencin.

"Ba wanda ya murza?" ya tambaya.

"Da me za a murza? Makulli yana jaka."

"To," in ji Mai Ƙwai. "Sannu da aiki."

Cikin garejin ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Injuna a jere jikin bango, an rufe su da buhuna, sarƙa tana rataye daga wani ƙarfe a sama. Kajin Likita suna yawo tsakanin tayoyi. Farar motar tana can ƙarshe. Gabanta ya shige ciki ta ɓangaren direba, rufin ya karkace, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Har yanzu tana warin ƙwai.

Likita ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"Tsoho, ka zo gaida mara lafiya? Ban taɓa ta ba. Na ce sai mai ita ya zo."

"Kada ka taɓa tukuna."

Daga ɗaya ɓangaren sai ga Guduma, mai gyaran jikin mota da suke raba garejin da Likita. Mutum ne mai ƙarfi da fara'a, wanda bai taɓa ganin motar da ya ce ba za ta gyaru ba.

"Baba, kada ka bari tsohon nan ya tsorata ka. Ka ba ni ita. In ɗaure ta da sarƙa, in gasa shasin, ƙashin bayanta, da wuta, in ja. In buge rufin, in fesa fenti. Wallahi ko matarka ba za ta gane ta faɗi ba."

"Matata ba ta tuƙi," in ji Mai Ƙwai.

Likita ya yi dariya, ya kama hannun abokinsa ya kai shi bayan garejin. Can ƙarƙashin wata bishiya akwai mota shuɗiya, irin tasa sak, ƙura ta rufe ta, tayoyin sun sace. Mai ita ya yi ta gudu da ita ba ruwa har injin ya ƙone, ya gaji ya sayar wa Likita da gangar jikin. Wata kaza tana kwance a kujerar direba, ta dube su da ido ɗaya.

"Ga hanya ta biyu," in ji Likita. "Wannan ba ta taɓa dukan ko akuya ba. Ƙashinta a miƙe yake. Idan injinka yana da rai, mu ciro shi mu dasa a nan, a je ofis a gyara takardu. Idan kuma ya mutu, to duk maganar banza muke yi, ni da Guduma."

"Mai gidan za ta yarda ta tashi?" Mai Ƙwai ya nuna kazar da sanda.

"Za a ba ta wa'adi."

Da suka koma ciki, Likita ya koma aikinsa, Mai Ƙwai ya zagaya ta ɗaya ƙofar ya shiga farar motar, ya ja jiki har kujerar direba. Kujerar ta karɓe shi kamar kullum, don ta daɗe da ɗaukar siffar bayansa. Ya ɗora hannu a sitiyari, daidai inda tafinsa ya cinye fatar. Ya san wace taga ce sai an dafa ta take hawa. Ya san inda rufin ke ɗiga idan ruwa ya yi ƙarfi. A bayan nan ya kwantar da Auta ranar da za ta haifi ɗanta na fari, ya tafi da ita asibiti a hankali, matarsa tana yi masa faɗa har bakin ƙofa wai ya taka mota. Farantin yana nan a manne, bai ko tsage ba.

Idan ana maganar zuciya, zuciyarsa tana wajen Guduma.

Washegari ya dawo da ƙwai guda a aljihun riga. Ya ce wa Guduma, "Akwai wadda ka taɓa ja irin haka, tana kusa?"

"Ga tawa ma! Wannan da nake hawa, a mace na saye ta. Shiga ka ji."

Suka fita kan titi mai kyau, miƙaƙƙe. Mai Ƙwai ya ajiye ƙwan a cikin murfin gwangwani a gaban gilashi. Motar ta yi kyau a ido, fenti yana sheƙi. Guduma yana tuƙi yana ba da labarin yadda ya ja ta. Ƙwan kuwa yana rawa a hankali, yana jingina gefe ɗaya.

"Ɗan saki sitiyarin," in ji Mai Ƙwai.

Guduma ya saki. Motar ta fara zamewa gefen hanya sannu a hankali, kamar jakin da ya hango gida. Ya yi maza ya kama.

"Wannan ba komai ba ne, Baba. Hannu yana sabawa. Ni ban ma ƙara ji ba."

"Gaskiyarka. Hannu yana sabawa."

Suka juya suka dawo garejin. Ya gode wa Guduma, ya ba shi ƙwan.

Ya bar kwana biyu suka wuce. Rannan da hantsi Auta ta shigo ta ƙofar baya, sai ta tarar da shi tsaye a tsakar gida da hula da sanda.

"Auta, raka ni wurin Likita. Jiya na kusa faɗawa rami."

"Baba, bari in kira mijina ya kai ka a babur."

"Babur yana girgiza ni."

"To Mama ta..."

"Ni?" in ji uwar daga kicin. "In je in tsaya cikin baƙin mai da sabon zanena? Ke dai raka ubanki. Ba shiga za ki yi ba, bakin ƙofa ne."

Ta ɗauki jakarta suka fita. Hanyar da ya bi shi kaɗai sau biyu a makon, yau sai da ya riƙe gwiwar hannunta. A bakin garejin ta tsaya. Shi kuwa bai saki hannun ba, ya ci gaba da tafiya, dole ta bi.

Da ta ga motar sai ta kau da kai. Likita ya gaishe ta kamar jiya suka rabu, bai tambayi goshin ba. Ya riga ya share bututun da injin ke shaƙar iska, ya haɗa batir. Yanzu ya sunkuya yana kwance nozul, waɗannan ƙarafan da ke fesa mai cikin injin, yana jera su a kan tsumma. Da ya gama sai ramukansu suka bayyana a jere a saman injin. Ya sa babbar sifana ya juya injin da hannu. Wani abu ya yi gurɓ-gurɓ a ciki.

"Yanzu sai makulli," in ji Likita. "Tsoho, kawo."

"Ba ya wurina."

"Guduma, mai janwe ya bar maka makulli?"

"Ni ko ganinsa ban yi ba."

Kaza ta wuce ta tsakaninsu. Auta ta buɗe jakarta, ta laluba can ƙasa, ta fito da shi. Tun ranar yake ciki. Ta miƙa wa uban.

Mai Ƙwai ya sunkuya ya ɗauki wani guntun katako mai faɗi da hannu biyu. "Hannuna a cike yake," ya ce. "Ni zan tsaya wurin hancinta. In ta yi gardama in toshe."

"Ni ina kan injin," in ji Likita.

"Ni kuma wannan ƙofar ba za ta ɗauke ni ba," in ji Guduma, yana shafa cikinsa. "Ƙanwata, taimaka. Murzawa kawai."

Ta dubi uban. Shi katakonsa yake kallo. Ta zagaya, ta shiga ta ɗaya ƙofar, ta ja jiki har kujerar da ta fita daga cikinta ta taga. Sai da ta nemi ramin makullin sau biyu.

"Murza!" in ji Likita.

Ta murza. Injin ya juya, sai baƙin mai ya yi tsiri daga ramukan nan, ya daki rufin kwano, ya dawo kamar ruwan sama. Guduma, da ya leƙo don ya gani da kyau, shi ya sha mafi yawa. Ya ja da baya yana tofarwa.

"Kai! Rigar da na sa yau da safe!"

"Ƙara!" in ji Likita. Ta ƙara. Man ya sake fita, ya ragu, ya koma feshi, har ya zama iska kawai.

Likita ya zo jikin tagar da babu gilashi, ya jingina, yana goge fuska. Ba da Auta yake magana ba, da abokinsa yake, amma a kan kanta.

"Tsoho, ka ga wannan man? Da ta kwanta a ɓarinta, duk ya gangara ya cika kan fistin. Mai ba ya matsuwa. Da wani ya murza makullin nan a bakin hanya, nozul a ɗaure, murzawa ɗaya tak, da ƙarafan ciki sun lanƙwashe kamar cokali. Da yanzu masu sayen ƙarfe muke jira. Ina ganin irinsu duk shekara. Mota ta faɗi ba ta mutu ba, masu taimako su ƙarasa ta. Wa ya hana a tayar da ita?"

"Ban sani ba," in ji Mai Ƙwai. "An dai ce wata ce mai taurin kai."

Auta tana riƙe da sitiyari da hannu biyu. Ta tuna ranar da ta ji maganar, tana yarinya, uban yana wanke hannu da kananzir yana faɗa wa bokiti: dizal in ya kwanta, ba a tashinsa da makulli.

Likita ya mayar da nozul ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya zuba sabon mai. Mai Ƙwai ya matsa kusa da bakin iskar da katakonsa, don dizal idan ya sami ragowar baƙin mai a hancinsa yakan kama sha ya yi ta gudu, ko an zare makulli ba ya tsayawa sai an toshe masa numfashi.

"Bismillah," in ji Likita. "Murza."

Injin ya juya, ya yi tari, ya yi shiru. Ta sake. Ya yi tari sau biyu, ya watso farin hayaƙi da ya cika garejin har kaji suka watse. Sannan ya kama. Hayaƙin ya washe, gurnanin ya daidaita, wannan dai da unguwa ta sani. Mai Ƙwai ya sauke katakon. Ya karkata kai yana saurare, ido a rufe. Likita ya ɗaga hannu don lagireton da ke sanyaya injin a fashe yake, Auta ta kashe.

"Shi ke nan!" in ji Guduma, ya manta da rigarsa. "Tana da rai. Baba, gobe in ɗaura sarƙa?"

Mai Ƙwai ya ɗora tafinsa a kan farin ƙarfen da ya lotse. Ya daɗe a haka.

"Aikinka yana da kyau, Guduma. Da ni zan riƙa tuƙa ta, da na ce ka ja. Ni da ita mun tsufa tare, in ta karkata sai in karkata." Ya ɗauke hannun. "Amma hanyar nan akwai kwana, kuma damina tana dawowa. Likita, a ba wa kazarka wa'adin."

Guduma ya buɗe baki, ya dubi wadda ke zaune a kujerar direba, ya rufe. "To," ya ce. "Amma fentin shuɗiyar ni zan yi. Ba za ta fita daga nan da kashin kaji ba."

Auta ta fito a hankali. Ta tsaya kusa da uban.

"Baba, ai motarka ce. Kai ka san ta."

"Na san ta," ya ce. "Je ki ga waccan ko kujerar ta yi miki. In ta yi nisa da feda, a matso da ita tun yanzu."

Ta tsaya kaɗan. Sannan ta nufi bayan garejin. Daga inda suke suka ji kazar tana kururuwa, suka ji an buɗe ƙofa, an kaɗe kujera.

Aikin ya ɗauki lokaci. Aka ɗaga injin da sarƙa, aka sauke shi cikin shuɗiyar, aka bi wayoyi da bututu ɗaya bayan ɗaya. Auta takan zo kullum bayan ta kai yara makaranta, wai don ta raka uban. Ita ta auna katakon baya, ita ta yanko sabon soso. Shi kuwa abu ɗaya ya ɗauka daga farar. Ya sa wuƙa a hankali ya ɓamɓare farantin, ya sa a aljihu.

Safiyar da aka fara fita, unguwa ta ji gurnanin da ta yi kewa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ga shuɗiyar mota, ta ce, "Ikon Allah, murya ta Mai Ƙwai, fuska ta baƙo." Auta ta zagaya, ta taɓa kowace taya da ƙafa, ta zaro sandar mai ta goge ta mayar. Farantin yana manne a sabon wurinsa. Uwar ta fito da ƙwai guda ta miƙa mata ta taga.

"Ki dawo min da shi. Ina da aiki da shi."

Auta ta buɗe ɗaya ƙofar. "Baba, ba za ka shigo ba? Yau kaɗai."

"Bayana," in ji shi, ya dafa ƙugu.

Ta dube shi, ta rufe ƙofar. Ta sa giya. Ya tsaya a bakin ƙofar gida yana bin ƙarar da kunne, ya ji ta rage a tudun rage gudu, ya ji ta sake ɗauka, har ta ɓace cikin sauran motoci. Ranar bai zauna a tabarmarsa ba. Ya gyara ƙafar benci da ba ta karye ba, ya share ƙofar gida sau biyu. Matarsa tana ganinsa, ta ci gaba da aikinta.

Da la'asar ya ji motar tun daga kan kwana. Auta ta shigo ta ƙofar gaba, ta wuce shi, ta ajiye ƙwan a tafin uwar.

Farar motar tana nan bayan garejin, ƙarƙashin bishiya, inda shuɗiyar ta tashi. Likita ya ce masu sayen ƙarfe sun zo sun taya, ya ce su dakata. Kajin sun koma cikinta tun makon farko. Wani lokaci Mai Ƙwai yakan je da sandarsa su sha shayi da abokinsa, ya zagaya baya, ya sa hannu ta taga ya laluba kan kujerar direba. Yawanci yakan sami ɗaya ko biyu, da ɗuminsu.

"Tsoho, ɓarawon ƙwai!" Likita yakan ɗaga murya daga ƙarƙashin mota.

"Ba sata ba ce," in ji Mai Ƙwai. "Lodi na zo dubawa."